Babanmu Mai Ƙodar Dutse Da Yinin Arfa

Ranar da muka kai Baba makwancinsa, mata sun fi maza kuka, kuma ba matan gidanmu kaɗai ba. Tun ba a gama yi masa wanka ba tsofaffi suka fara shigowa daga unguwannin Wudil, wasu daga Kausani da Darki a ƙafa, ƙafafunsu duk taɓo, don farkon damina ne. Wata tsohuwa da ban ma san ta ba ta zauna a bakin zaure tana ta maimaita magana ɗaya: "Shi ke nan, dutsena ya yi santsi har abada." Wasu baƙi suka kalli juna, suna zaton ruɗewa ta yi. Ni na gane abin da take nufi, don fiye da shekara arba'in Baba ke ƙoda musu dutsen niƙa.

Liman, wanda shi ne abokin faɗansa tun suna samari, ya yi masa salla. Da muka dawo daga maƙabarta ya ce wa jama'a, "Yau garin nan ya rasa mutumin da ya ga duniya da ƙafarsa." Aka yi ta cewa haka ne, haka ne.

Sai aka shimfiɗa tabarmi, masu gaisuwa suka fara zuwa. A nan ne abin da nake ɓoyewa ya taso mini. Mu biyu ne maza a gidan, ni ɗan fari, sai ƙanena Auta, mata uku a tsakaninmu. Duk wanda ya shigo sai ya wuce ni ya durƙusa gaban Auta.

"Alhaji Ƙarami, ya haƙuri? Kai ne maraya yau. Kai da ka bi shi har Arfa."

In an gama da shi a juyo gare ni a taƙaice. "Sai haƙuri, babban gida. Ka riƙe 'yan'uwanka." Wani dattijo ma ya dafa kafaɗata ya ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Na ce masa na gode. A zuciyata kuwa na ce ni na dafa dutsen, wani ya sha romon.

Ina faɗin wannan ne ba don ya yi kyau ba. Mutum yana zaman makokin ubansa yana kishin ƙanensa abin kunya ne, na sani. Amma da ɗan karatun yaƙi da jahilci da na samu na ɗauki alƙalami don kada a manta da Baba, kuma ba zan iya ba da labarinsa in cire kishina ba, don tare suka girma a raina.

Ga wanda bai san sana'ar ba, dutsen niƙa in ya daɗe yana aiki yakan yi santsi, ya daina cin hatsi. Mace ta yi ta gurza tun safe, gari ya ƙi fita. Sai a kira mai ƙoda ya zo da 'yar hamarsa ya dinga sarar fuskar dutsen kaɗan kaɗan har ya yi kaushi. Aikin Baba ke nan, kuma shi ke sassaƙo sababbi daga fako. Yana da zagayen da yake bi, lungu lungu, gida gida, ba ya tsallake kowa. In ya yi sallama aka kawo dutsen zaure, sai ya fara ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, ya kara kunne. Yakan ce, "Dutse ba ya ƙarya. Mai lafiya ƙara yake yi, mai tsaga a ciki gunaguni yake yi." Wannan ɗabi'a ta bi shi ko'ina. Ya ƙwanƙwasa tulu a kasuwa, ya ƙwanƙwasa kankana, ya ƙwanƙwasa goshin jikokinsa ya ce wannan kan lafiya lau yake.

Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, gashin girarsa kullum da farin garin dutse. Mutum ne mai surutu da barkwanci. Da aka kawo injin niƙa garin, mutane suka ce Baba ya shiga uku, shi kuwa ya je ya tsaya yana kallonsa har ya gaji, ya dawo ya ce, "Yana da sauri, amma tuwonsa warin ƙarfe yake. Za su dawo." Rabinsu kuwa suka dawo.

Kowa a garin nan ya sha hira da Baba. Ni kaɗai ne ban sha ba.

Mutanenmu suna jin kunyar ɗan fari. Uwa da uba ba sa kiran sunansa, ba sa wasa da shi a gaban mutane, ba sa nuna sun damu da shi. Kowa ya san haka, kuma yawanci in yaro ya girma abin yakan yi sauƙi. Na Baba bai taɓa sauƙi ba. Da aka yaye ni aka kai ni Lajawa wajen kakata, ban dawo ba sai da na isa riƙe fartanya. Na dawo na tarar da uban da yake magana da kowa har da jakinsa, amma in na shigo sai ya sunkuyar da kai. In yana son in yi wani abu, sai ya fuskanci bango ya ce, "Da wani zai kai jakin nan rafi da ya kyauta." In na yi aiki ya yi kyau, sai ya ce wa Inna, "Gonar gabas ta yi kyau bana," alhali ina tsaye a wurin. Sunana a bakinsa "wancan". In ya ji daɗi ƙwarai, "mutumin Lajawa".

Auta kuwa, sunansa ya fi salati yawa a bakin Baba. Da safe shi, da rana shi. Tare suke cin tuwo a akushi ɗaya. Shi ya koya wa riƙe hama yana riƙe da hannunsa. Ni daga nesa na koya, da ido, kuma ba yabon kai ba, na fi Auta iyawa nesa ba kusa ba. Baba ya san haka. Ya taɓa ɗaukar wani dutse da na sassaƙa, ya ƙwanƙwasa, ya juya shi, ya daɗe yana shafa shi, sannan ya ce wa Auta, "Ka ga yadda ake yi." Yabon da na samu ke nan, shi ma ta hannun wani ya biyo.

Zancen duwatsu masu daraja kuwa tun kafin ya je ko'ina yake yin sa. In Liman ya karanta labarin Annabi Musa a Ɗuri Sina, ko inda jirgin Annabi Nuhu ya tsaya, Baba sai ya tsare shi da tambaya. Wane irin dutse ne, baƙi ko ja, mai yashi ko mai tauri? Liman ya ce littafi bai faɗa ba. Baba ya ce to ai sai mutum ya je ya gani. Mu nan ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, kogi da fadama, in ka cire Dala da ya gani a birni ba wani tudun kirki da ya taɓa hawa.

Wata shekara bayan an gama girbi, lokacin an fara maganar Turawa za su tafi, ya ce ya yi niyyar Makka ta ƙasa. Na tabbata da ni za a tafi. Ni ne babba, ni ne mai ƙarfi, ni na san aikin da za mu ci abinci da shi a hanya. Har na sa matata ta ɗinke mini jaka. Ana saura kwana uku, muna tsakar gida, ya fuskanci rumbu ya ce wa Inna, "Auta zai riƙe mini buhu. Gida kuma ba a barin sa ba ginshiƙi."

Na fita na tafi bakin kogi na zauna har la'asar. A ranar na fara sanin cewa mutum yana iya jin haushin ɗan'uwansa har ya ji ɗaci a harshe.

Kafin su tashi gari duka ya zo sallama, kowa da saƙo ɗaya: a kira sunansa a Arfa. Baba bai iya rubutu ba, sai ya ce kada kowa ya damu, zagayensa na ƙoda zai bi a kansa, lungu lungu, ba wanda zai faɗi. Na tsaya a gefe ina riƙe da jakin da zai kai su tasha. Ban ba da saƙo ba. Ɗa ba ya roƙon ubansa ya kira sunansa, balle ɗan fari.

Damina huɗu suka yi. Ni na noma gonaki uku, na aurar da ƙannena mata biyu, na yi jinyar Inna, na ɗauki hama na ci gaba da zagayen Baba don kada matan gari su koma wa inji. Duk gidan da na shiga tambaya ɗaya ce, an ji labarin Alhaji da ɗansa? Ɗansa, kamar guda ɗaya ya haifa.

Da suka dawo, Baba ya rame ya yi baƙi, amma bakinsa ya ƙaru. Kullum bayan la'asar a ƙarƙashin durumin ƙofar gida, mutane su taru ya yi ta ba su labari. Wasu alhazai labarin teku suke kawowa, wasu na dabino da raƙuma. Shi duwatsu ya kawo. Ya ce Uhudu ja ne, doguwa ce shimfiɗarsa, in ka tsaya gabansa sai ka ji kamar ka zo gaida babba. Ya ce hawan dutsen da kogon Hira yake sai da ya huta sau bakwai, yana mamakin matar Annabi da take hawa da abinci a ka. Da aka tambaye shi Dutsen Arfa, sai ya yi dariya ya ce, "Ɗan ƙarami ne. Wallahi Dala ta fi shi tsawo. Allah ba da girman jiki yake zaɓe ba." Auta ya sa baki ya ce ai da idonsa ya ga Baba ya ƙwanƙwasa shi yana cikin harami, ya ce da zai yi dutsen niƙa mai kyau. Aka fashe da dariya. Kullum haka ne, Baba ya fara, Auta ya ƙarasa, su kalli juna.

Ba na Musulunci kaɗai ya kawo ba. A ƙasar Sudan sun yi watanni suna aiki a gindin wasu tsaunuka inda mutanen wurin suke hawa da akuya su roƙi ruwa. Ya haɗu da wani Bahabashe Kirista da ya ce a ƙasarsu akwai ɗakin ibada a kan dutse, ba a hawansa sai da igiya. A bakin Bahar Maliya kuma wani Ba'indiye mai kanti, da Baba ya gyara wa matarsa dutsen niƙan yaji, ya ba shi labarin wani dutse can arewa da ƙasarsu, ƙanƙara a kansa rani da damina, mutane su yi tafiyar watanni su zo su kewaye shi da ƙafa, amma ba mai taka samansa. Baba yakan ce, "Ɗan Adam duk inda yake, in ya ga tudu sai ya ɗaga kai ya tuna akwai na sama da shi. Wani ya tsaya a kan dutsen, wani ya wuce wajen Mai dutsen. Mu gode wa Allah da ya sa muka wuce."

Duk wannan ta bayan zana na ji shi. In na fito na zauna cikin mutane, sai maganar ta sarƙe masa, ya fara gyaran murya, ya ce Auta ya ci gaba. Na gane ina ɓata wa jama'a hira. Sai na koma ina zama a cikin gida jikin zana, ina gyaran igiya ko ƙotar fartanya, ina sauraro kamar ɓarawo a gidan ubana.

Labaran nan ne suka haɗa shi faɗa da Liman. Wata rana Liman ya kasa haƙuri ya ce, "Alhaji, mun aike ka Makka, ka dawo mana da labarin arna. Kana ruɗa mutane."

Baba ya ce, "Malam, kai ka karanta, ni na taka. Ban ce su yi daidai ba, cewa na yi na gan su suna kuka, kuma hawayensu irin namu ne."

Liman ya naɗe buzunsa ya tafi. Wata biyu Baba yana bin sa salla, amma ba gaisuwa sai ta hannu. Baba kuma in ya zo ƙofar gidan Liman a zagayensa sai ya wuce, karo na farko da ya taɓa tsallake gida. Rannan sai ga Liman da kansa a zaurenmu da hantsi, ya zauna, aka gaisa gaisuwa mai tsawo, aka tambayi iyali da gona da gajiya. Sannan ya ce, "Alhaji, tuwon gidana ya koma tsaki." Baba ya tashi ya ɗauko hamarsa. Faɗan ya ƙare ke nan, ba wanda ya ce wa wani yi haƙuri.

Akwai kuma wani tsohon Bamaguje a bayan Darki, da wani ƙaton dutse a bayan gidansa inda kakanninsa suke yanka. Duk yankin ba dutse mai kyawunsa, amma Baba bai taɓa sa masa hama ba. Da masu aikin hanya suka zo neman inda za su fasa tsakuwa, idonsu ya faɗa kansa. Aka ce musu su nemi Baba, shi ya san dutse. Tsohon yana tsugune a gefe, ya ƙi ci ya ƙi sha tun jiya. Baba ya kewaye dutsen, ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya kara kunne, ya ɓata fuska, ya girgiza kai. Ya ja su zuwa wani fako mai ɗan nisa. Da Liman ya ji ya ce masa Alhaji guda da ƙarya, Baba ya ce, "Ni ban ce komai ba. Kai kawai na girgiza, kuma wuyana ne." Ɗan tsohon nan ya zo gaisuwar mutuwa da damin gero a kansa. Wannan labarin ma a kasuwa na ji shi, don da Auta Baba ya tafi ranar.

Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne sunaye. Makonnin farko da dawowarsu, kowa ya zo sai ya tambaya, "Alhaji, ka kira ni?" Baba ya ce, "Na kira ka. Bayan gidan maƙera, kafin gidan mai kifi." Mutum ya tafi yana murna. Auta kuma ya haddace jerin, yana karanta shi don burge mutane. Na saurara daga bayan zana sau ba adadi. Inna tana ciki, ƙannena suna ciki, matata da 'ya'yana suna ciki. Liman, mai fito, kuturun bakin kasuwa, har tsohon Bamagujen an roƙa masa shiriya. Ina jira in ji ko "wancan" ne, ko "mutumin Lajawa". Babu.

Na kai ƙara wajen Gwaggo, yayar Baba, don Inna ta fi shi jin kunyata. Na ce, "Gwaggo, a gida kunya ce, na yarda. A gaban Allah ma kunya ce?"

Ta yi dariya har da tafa hannu. "Kai da gemunka kake kishi da ƙanenka? Ubanka ma haka aka yi masa, bai mutu ba."

"Shi ba ɗan fari ba ne, Gwaggo. Ke ce."

Sai ta daina dariyar. Ta ce in tashi in tafi, tana da aiki.

Daga nan na canja wa Auta. Da aka raba ruwan zamzam na ce ina azumi, alhali ba na yi. Na kafa zana tsakanin sashena da nasa. In ya ce, "Yaya, ina kwana," sai in ce, "Lafiya, Alhaji," in ja kalmar yadda zai ji. Shekara uku muna haka. Baba yana gani, kuma na san yana damun sa, don wata rana ya tsaya gaban sabon zanan ya ce wa kaji, "Gidan nan ya yi ƙanƙanta da shinge." Na ji, na yi kamar ban ji ba. Ina so ne ya juyo ya dube ni ya faɗa mini, ko da zagi ne.

Ciwonsa na ƙirji ne, garin dutsen shekara arba'in. Kwanakin ƙarshe ba ya iya numfashi a kwance, sai an tallafe shi a zaune. Ni nake zama a bayansa ya jingina da ƙirjina, don ni ne mai ƙarfin, kuma a haka ba sai mun haɗa ido ba. Ban taɓa kusantarsa haka ba tunda aka haife ni. Ina jin ƙasusuwan bayansa, ina jin numfashinsa yana gunaguni. Ranar Talata da hantsi ya buɗe ido, na ji ya tattara ƙarfi zai yi magana. Na kasa kunne. Ya kira sunan Auta, ya ce a ba shi ruwa. Ya sha, ya yi kalmar shahada, ya cika a jikina.

Bayan sadakar bakwai baƙi suka watse. Da la'asar na ga Auta ya nufi gonar gabas shi kaɗai, sai na bi shi. Na tarar da shi tsaye cikin gero da ya fara kai gwiwa. Ban yi masa sallama ba.

Na ce, "Tambaya ɗaya zan yi maka, kuma ka ji tsoron Allah. A Arfa, ya kira ni ko bai kira ni ba?"

Ya juyo ya dube ni. "Sai yau ka tambaya, Yaya?"

"Sai yau."

"A cikin jerin ba ka ciki."

Na juya zan tafi. Ya ce, "Tsaya, ban gama ba." Muryarsa ta canja, ban taɓa jin ta haka ba.

"Tun azahar muka tsaya a gindin dutsen. Ya bi gari gida gida, ina amin. Ya gama da kowa rana ta yi sanyi, lokacin da malamai suka ce addu'a ta fi karɓuwa. Na ce yanzu zai dafa kaina ya yi mini tawa, ni da na ɗauki buhunsa shekara biyu, na yi jinyarsa a Sudan, na goya shi a bayana. Sai ya miƙo mini salka ya ce in je in nemo ruwa. Salkar a cike take, Yaya. Na ce masa da ruwa a ciki. Ya ce in je dai, kada in dawo sai rana ta faɗi."

Na ce, "Sai ka tafi."

"Ban yi nisa ba. Na laɓe bayan wani raƙumi. Na ga ya waiga dama, ya waiga hagu, kamar mai shirin sata. Ya ɗaga hannu ya kira sunanka. Sunanka na yanka, ba wancan ba. Na farkon da ƙyar ya fita. Daga nan ya yi ta kira, yana kuka, yana faɗa wa Allah gonar gabas, da dutsen da ka sassaƙa, da yadda ya bar ka da gida. Har rana ta faɗi bai ambaci kowa ba sai kai. Ni tawa addu'ar a cikin jeri aka yi ta, tsakanin Inna da gidan maƙera."

Na tsuguna a kan kunyar gero. Na ce, "Shekara uku kana gani ina ƙonewa. Me ya hana ka faɗa mini?"

"Da gangan na ƙi." Ya share fuska da hannun riga. "Ni aka kora daga gefensa saboda kai, a ranar da ba ta dawowa. Na dawo kuma na tarar kai ne mai fushi. Na ce to kai ma ka ɗanɗana."

Ya kamata in ji sanyi a raina, kuma na ji. Amma ba zan yi ƙarya a kan kabarin ubana ba, abin da ya fara zo mini wani sabon kishi ne. Sau ɗaya a duniya sunana ya fita daga bakin Baba, shi ma kunnen Auta ne ya samu.

Na ce, "Yaya ya faɗe shi? Faɗa mini yadda ya faɗa."

Ya ja da baya. "Haba Yaya. Ni ma ai ban taɓa kiran sunanka ba."

Gaskiya ne. Ƙane ba ya kiran sunan wansa. A gidanmu kaf ba mai kiran sa, na sama suna jin kunya, na ƙasa suna girmamawa.

Na ce, "Yau na yafe maka. Faɗa."

Ya waiga dama, ya waiga hagu. Ba kowa a gonar sai mu. Ya gyara murya ya saukar da ita ƙasa, ta yi kaushi irin ta Baba, ya kira ni.

Na amsa. Na ce, "Na'am, Baba."

Allah ya haskaka kabarinsa, ya sauƙaƙa masa nauyin ƙasa, ya tashe mu tare a inda uba zai kira ɗansa ba kunya.